Giya a Leda, Ciniki a Waya: Yadda Barasa ta Kai Hannun Ɗan Shekara 16 a Sakkwato

Yaron ɗan shekara 16 ne, ɗan aji biyu na babbar sakandare, gidansu na cikin sababbin unguwannin da suka tsiro a gefen birnin Sakkwato ta wajen Wamakko. A zangon karatu ɗaya ya sayi giya sau da dama, bai taɓa taka ƙofar mashaya ba, bai kuma taɓa ganin fuskar mai sayar masa ba. Dangin sun nemi shawarata a kan abin da ya shafi doka bayan asiri ya tonu, ta nan na san yadda aka yi. Na sakaya sunan kowa, har da na unguwar da na asibitin, domin yaron yana da sauran rayuwa a gabansa.

A jihar da giya take haram ga mafi yawan jama'arta, mun saba ɗauka cewa maganar shekarun mai saye ba ta ma taso ba. Abin da aka hana babba, ai an hana yaro. Wannan lamari ya nuna cewa hanin da ya game kowa bai isa ya tsare yaro ba idan ciniki ya tashi daga shago ya koma cikin waya, har ma yakan sa iyaye su yi shiru a lokacin da ya kamata su ɗaga murya.

Yadda cinikin yake tafiya

Wayar ta mahaifiyarsa ce, tsohuwa, ta bar masa saboda darasin da malamai ke turowa. Layin da ke ciki da sunanta aka yi masa rajista, aka haɗa da lambarta ta NIN, kamar yadda gwamnatin tarayya ta wajabta tun Disamban 2020. Ke nan a wurin kamfanin sadarwa, duk saƙon da ya fita daga layin nan uwar 'ya'ya ce ta aika shi.

Wani abokinsa na majalisa ne ya ba shi lambar mai kayan. Da ya adana lambar, shi ma mai kayan ya adana tasa, sai ya fara ganin hotunan da ake ɗorawa a sitatus na WhatsApp, waɗanda ke ɓacewa da kansu bayan awa 24. Ba a rubuta giya a jikin hoton. Ana cewa akwai kayan sanyi, akwai maganin gajiya, akwai na basir. Abin da ke cikin hoton kuwa ƙananan robobi ne na abin da ake kira bita, da giyar leda irin wadda ake tsinka baki a zuƙe a jefar. Yawancin irin waɗannan ƙarfin barasar da ke cikinsu yakan kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100, alhali giyar kwalba da aka fi sani ba ta cika wuce kashi 5 ko 6 ba. Yaron ya ce karon farko da gaske ya ɗauka maganin gargajiya ne, saboda ɗacinsa da hoton saiwoyin da ke jikin robar. Daga karo na biyu ya san abin da yake sha.

Ba shi da asusun banki, wannan kuwa bai hana komai ba. Yakan tara kuɗin tara da na mota, ya je wurin mai POS na bakin titi, ya ba shi tsaba da lambar asusu, a tura, ya ɗauki hoton rasit ya aika. Mai POS bai tambaye shi kuɗin me ne ba, babu kuma dokar da ta ce ya tambaya. Bayan ɗan lokaci sai ɗan kabu-kabu ya kira, su haɗu a bakin wani kango kusa da filin ƙwallo, ya miƙa masa baƙar leda a ƙulle, ya juya.

Hannu huɗu cinikin ya bi: mai kaya, mai POS, ɗan kabu-kabu, da manhajar da aka yi magana a cikinta. Uku daga cikinsu sun samu kuɗi. Biyu sun ga yaron ido da ido, wani lokacin ma da rigar makaranta a jikinsa. Babu wanda ya tambayi shekarunsa.

Daren da abin ya fito

A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Su uku suka sha a kangon bayan magariba, cikinsu babu abinci. Ƙaraminsu, wanda ɗan maƙwabta ne, ya yi ta amai har ya daina amsa kira. Yaron namu ya tsorata ya ruga ya kira yayansa. Allah ya taimaka yayan ya kwantar da ɗan maƙwabtan ta gefe, bai bar shi rigingine ba, domin ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe wanda giya ta bugar shi ne amai ya koma masa hanyar numfashi. A asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, aka duba sukarin jininsa, wanda barasa kan faɗar da shi ƙasa ga yara, ya kwana ya farfaɗo.

Likitan ya tambayi robobin. Dalilinsa shi ne kayan da ba a san tushensu ba ana iya samun gubar metanol a ciki, wadda ke makantarwa ko ta kashe. Irin ta ce ta kashe aƙalla mutum 18 a Ode-Irele ta jihar Ondo a Afrilun 2015, ta kuma kashe gommai a jihar Ribas a shekarar, duk ta hanyar ogogoro. Na yaran nan dai barasa ce zalla, yawanta ne ya fi ƙarfinsu.

Washegari yayan ya bi lambobin da suka kira wayar, ya samu ta ɗan kabu-kabun. Ya kira shi kamar mai son aike, ya zo, aka riƙe mashin ɗinsa, aka wuce da shi zauren mai unguwa. Saurayi ne da bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, daga wani ƙauye ya shigo birni, mashin ɗin ma ba nasa ba ne, balas yake kai wa mai shi kullum.

Mai unguwa ya ce masa, "Kai yaro, ka san abin da kake ɗauka?"

Ya ce, "Ranka shi daɗe, saƙo aka ba ni a bakin hanya, aka ce in kai. Ban buɗe ba."

Kawun yaron ya ce, "To mi ya sa kuɗin aikenka ya ninka na kowa? Kuma wanga yaro da kake miƙa wa, ba ka ga ɗan makaranta ne ba?"

Ya sunkuyar da kai. Daga baya ya amsa cewa ya yi zargi tun tuni, ya ji wari wata rana da roba ta tsiyaya, amma kuɗin ya fi na fasinja uku. Mai kayan bai taɓa ba shi daga gida ko shago ba, kullum a wani wuri daban suke haɗuwa. Ana cikin zaman aka gwada lambar mai kayan, aka ji ta a kashe. Hoton da ke kan WhatsApp ɗinsa ma ya ɓace.

Matasan unguwa sun so a yi wa ɗan kabu-kabun duka a ƙona mashin. Liman ya hana, ya ce an bar jaki ana dukan taiki. Ya tuna wa jama'a hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya, ciki har da mai ɗaukarta da wanda aka ɗauko wa da mai sayarwa da mai cin kuɗinta, ya ce saurayin bai kuɓuta ba, amma hukunci na hukuma ne. Daga nan mahaifin yaron, wanda tun da aka zauna bai ce uffan ba, ya juya wurin limamin ya ce, "Allah gafarta Malam, idan na kai ƙara, ɗana fa? Bulala tamanin za a yi masa a bainar jama'a?"

A kan wannan tambaya duk lamarin ya tsaya.

Abin da doka ta tanada, da inda ta tsaya

Hanin giya a ƙasar Sakkwato ya girmi Najeriya. Yana cikin abin da daular da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa bayan jihadin 1804 ta tsayar. Turawa ma da suka zo ba su buɗe ƙofar ba: yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba a saba da ita ba, Lugga kuma ya sanya Arewa cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa ita. Kundin Final Kod da gwamnatin Sardauna ta yi a 1959, ya fara aiki a 1960, ya mayar da shan giya laifi ga Musulmi in ba don magani ba. Sai shekarar 2000, bayan Zamfara ta buɗe hanya, Sakkwato a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa ta yi nata kundin hukunta laifuka na shari'ar Musulunci. A mazhabar Malikiyya haddin shan giya bulala 80 ne, ana kuma tabbatar da shi ta iƙirari, ko shaidu biyu adalai, ko jin warinta a bakin mutum. Yin ta da dakonta da sayar da ita kuwa ta'aziri ne, wato horon da hukuma ta ƙayyade.

Abu biyu ne a nan suka shafi yaronmu. Na farko, kundin shari'a Musulmi yake hawa. Idan mai kayan ba Musulmi ba ne, kotun shari'a ba ta da hurumi a kansa sai da yardarsa, dole a koma kotun majistare da dokar lasisin giya. Wanda ke ciniki ta waya kuwa ba a san addininsa ba, ba a san unguwarsa ba, ba a ma san ko a cikin jihar yake kwana ba. Na biyu, a fiƙihu laifin mai sayarwa yana kan giyar ce, ba ya rataya a kan shekarun wanda ya saya. Wanda ya sayar wa magidanci ɗan shekara hamsin da wanda ya bi ɗan makaranta har bakin kango, sunan laifinsu ɗaya, sai dai alƙali ya tsananta bisa ganinsa.

Sai tsoron mahaifin, wanda ba tsoron banza ba ne. Haddi ba ya hawa kan wanda bai balaga ba, wannan kowa ya sani. Amma balaga a Malikiyya da alamomin jiki ake gane ta, sai idan ba su bayyana ba ake jiran cikar shekara 18. Ɗan shekara 16 da muryarsa ta buɗe, mai yiwuwa mukallafi ne, wato wanda hukunci ke hawa kansa, a ma'aunin fiƙihu. A gefe guda kuma dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, Sakkwato ma ta yi tata dokar kare yara wadda Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa wa hannu a 2021. To ga mutum ɗaya, a wannan ma'auni wanda aka cuta ne, a wancan kuma mai laifi ne da bakinsa zai iya ja masa bulala. Shi ne kuma babban shaidar da ake buƙata don kama mai kayan. Uban da ya fahimci haka, da wuya ya kai ɗansa ya yi bayani a rubuce.

Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sanya bayar da lasisin sayar da giya da kula da shi cikin ayyukan ƙananan hukumomi. An rubuta wannan da shago a zuciya: gini mai ƙofa, a titi kaza, ƙaramar hukuma kaza. Birnin Sakkwato kuwa ya bazu a kan Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya shiga Wamakko da Dange-Shuni da Kware. A lamarin nan an karɓi kayan a wata ƙaramar hukuma, an miƙa su a wata, kuɗin ya faɗa asusun wani bankin waya da ba shi da reshe a jihar. Wace sakatariya ce za ta ce cinikin a ƙasarta aka yi?

A matakin tarayya, babu doka guda da ta shimfiɗa wa mai sayar da giya ta intanet matakan da zai bi ya tantance shekarun mai saye. Alamar 18 da ake bugawa a jikin kwalba da tallace-tallace gargaɗi ce, ba ta tare hannun kowa. Dokar yara ta 2003 ta yi tsanani ƙwarai ga wanda ya jefa yaro cikin harkar miyagun ƙwayoyi, amma wannan sashe maganar ƙwayoyi yake yi. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ma aikinta ƙwaya ne, giya ba ta cikin huruminta. Abin da ya fi kusa da matsalarmu shi ne yunƙurin NAFDAC na hana zuba barasa a leda da robobin da ba su kai mililita 200 ba. A 2018 aka yi yarjejeniya da masu masana'antu aka ba su shekara biyar su daina. Wa'adin ya cika a ƙarshen Janairun 2024, hukumar a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye ta fara kame a Fabrairu, masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca, aka ɗage zuwa ƙarshen 2025. Hujjar hukumar ita ce ainihin abin da ya faru a kangon nan: ƙaramin mazubi yana da araha, yana shiga aljihun wandon makaranta, kuɗin tara na iya sayensa. Ina goyon bayan wannan hani ba tare da wani sharaɗi ba. Da kwalba babba kaɗai ake samu, da kuɗin yaran nan bai kai ba.

Wa za a iya kamawa

Ɗan kabu-kabun shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani. Laifinsa ya rataya a kan sani. Ranar da ya ɗauki leda a ƙulle bai san komai ba, ba shi da laifi. Ranar da ya ji wari ya ci gaba, ya shiga cikin masu dakon giya. Amma ko an ɗaure shi, gobe mai kayan zai tsayar da wani a bakin titi, domin samari masu neman na balas ba sa ƙarewa a garin nan.

Mai POS ban ga abin da za a tuhume shi da shi ba. Amfaninsa a matsayin shaida ne, kuma babba. Rasit ɗinsa na ɗauke da lambar asusu da sunan mai asusun da lokacin da aka tura. Tun ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta cewa ko ƙaramin asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN. Ana iya jefar da layin waya a kwata a sayi wani, amma asusu yana da mai shi, kuma 'yan sanda na iya neman bayanansa da umarnin kotu. Sunan da ya fito a rasit ɗin na mace ne, wataƙila 'yar uwa ko budurwa, wataƙila kuma asusun haya ne. Ko ma wace ce, ta san wanda ke cire kuɗin. Hirar da ke cikin wayar yaron ita ma hujja ce, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da bayanan da aka ciro daga na'ura idan an cika sharuɗɗansa. Abin da na fara gaya wa dangin shi ne kada su goge komai. Na ɗan makara, domin mahaifiyar cikin ɓacin rai ta riga ta share rabin saƙonnin, sai hotunan rasit da suka tsira.

Manhajar kuwa, kada a sa rai da ita. Kasuwar Facebook ta hana tallar sayar da giya a ƙa'idojinta, amma wannan cinikin ba a kasuwar fili aka yi shi ba. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa tun 2016, kamfanin kansa ba ya karanta su. Iyakar abin da za a samu shi ne a kai ƙorafi a rufe lambar, mai kayan ya buɗe wata kafin la'asar.

Hisba, wadda gwamnatin Ahmad Aliyu ta sake tsayarwa, ta saba da samame a wurin da ake taruwa. Wannan ciniki ba shi da wurin taruwa. Bincikensa na bin sawun kuɗi ne da layin waya, aikin da sai an haɗa hannu da 'yan sanda da kotu.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ƙasashen da giya take halal a dokarsu sun daɗe da gane cewa danna maɓallin "na kai 18" a shafin intanet ba tantancewa ba ce. Sun mayar da ƙarfinsu wuri biyu: inda kaya suka fito da inda aka miƙa su. A Ingila, dokar lasisi ta 2003 ta ɗora lasisin a kan ma'ajiyar da ake fitar da kayan, ba ofishin da aka amsa waya ba, sayar wa wanda bai kai 18 ba kuma laifi ne mai zaman kansa da kan iya jawo ƙwace lasisi. Hukumomi kan tura matasa 'yan sa-kai su gwada saye, don a ga wanda zai sayar. A Sikotilan duk wanda aka ga kamar bai kai 25 ba sai ya nuna katin shaida, mai kai kaya gida dole ya riƙe rubutaccen bayanin abin da ya ɗauko da wanda zai kai wa, an kuma hana kai giya gidaje daga sha biyun dare zuwa shida na safe. A Amurka, inda shekarun suke 21 tun dokar 1984, gidan waya na gwamnati ba ya ɗaukar giya sam, kamfanonin aike masu zaman kansu kuma ba sa sauke ta sai babba ya nuna kati ya sa hannu.

Ba na kawo waɗannan don a kwaikwayi lasisinsu a Sakkwato ba. Wanda ya fi kama da mu shi ne jihar Bihar ta Indiya, wadda ta haramta giya gaba ɗaya a Afrilun 2016. Mashaya sun rufe, sai cinikin ya koma waya da mashin, ana kai wa mutane har gida, gurɓatacciyar giya kuma ta kashe gommai a gundumar Saran a Disamban 2022. Hani yana rage sha, na yarda da wannan, na kuma gan shi a garinmu. Sai dai ragowar cinikin da ya tsira yakan faɗa hannun mutanen da ba su da lasisin da za su ji tsoron rasawa, saboda haka ba su da dalilin korar yaro.

Abin da nake ganin ya kamata

Wasu malamai da na tattauna da su sun nuna damuwa cewa rubuta "kada a sayar wa ɗan ƙasa da 18" a dokar jiha tamkar amincewa ce a sayar wa wanda ya haura. Na fahimci damuwar, amma ba haka ake rubuta shi ba. Majalisar dokokin jiha na iya barin hanin yadda yake, ta ƙara laifi na dabam mai horo mafi tsanani ga duk wanda ya sayar, ya aika, ko ya miƙa abin maye ga wanda bai kai 18 ba, ko ta waya ko ta hannu, ta kuma sanya shi a dokar da ke hawa kan kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Babu addinin da mabiyansa za su tsaya kare mai shayar da ɗan makaranta. Ta'aziri kuwa dama a hannun hukuma yake, tana da ikon tsananta shi gwargwadon ɓarna. A kuma fayyace cewa wurin da aka miƙa kayan nan ne aka yi laifin, don kada a tsaya jayayyar iyaka tsakanin ƙananan hukumomi.

Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da masu keke suna da shugabanni a kowace tasha, suna karɓar kuɗin tikiti kullum. Za su iya kafa wa mambobinsu ƙa'ida cewa ba a karɓar ƙullin da ba a ga cikinsa ba, ba a kuma miƙa wa yaro saƙo a kango ko bayan makaranta, sai a ƙofar gida a hannun babba. Wannan kariya ce ga su kansu, domin su ake fara kamawa.

Mafi muhimmanci a wurina shi ne amsar tambayar mahaifin nan. Muddin uba yana ganin kai ƙara daidai yake da miƙa ɗansa ga bulala da tonon silili, mai kayan yana cikin aminci. Shari'a kanta tana son suturta mai laifin da bai bayyana ɓarnarsa ba, tana kuma tunkuɗe haddi da shubuha. Dokar yara ta 2003 ta hana bayyana sunan yaron da ke gaban shari'a. Abin da ya rage shi ne Ma'aikatar Shari'a ta jiha, da shawarar malamai, ta fito ta faɗa a fili cewa yaron da iyayensa suka kawo rahoton wanda ya sayar masa za a ɗauke shi shaida, a saurare shi a keɓe, a tura shi wurin masu ba da shawara idan sha ya kama shi. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware da ke duba masu fama da shaye-shaye, ba sai an je nesa ba.

Inda maganar ta kwana

Mai unguwa ya miƙa ɗan kabu-kabun ga shugabannin tasharsu, suka dakatar da shi, mai mashin ya karɓe abinsa. Kawun ya kai rasit ɗin wurin hukuma ya yi bayani da baki. Da aka ce sai yaron ya zo da kansa ya rubuta abin da ya sani, mahaifin ya ce a bar maganar, ya bar wa Allah. Mahaifin ɗayan yaron ma haka ya ce, yana da 'yan mata biyu da ake neman aurensu, ba ya son sunan gidansa ya shiga bakin duniya. Na yi ƙoƙarin shawo kansu ban yi nasara ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin ba ni da wata rubutacciyar tabbacin da zan nuna musu cewa 'ya'yansu za su fita lafiya.

An karɓe wayar, an sauya wa yaron makaranta, yayansa ne ke kai shi yana ɗauko shi. Bayan 'yan makonni wani daga cikin abokan majalisar ya nuna wa yayan wata sabuwar lamba da ke ɗora hotunan robobi iri ɗaya. Da aka nemi lambar asusun da za a tura kuɗi, sai ga sunan matar nan da ke kan tsohon rasit. Kawun ya adana hoton tare da na farko, ya ce zai sake komawa wurin mahaifin yaron bayan an gama jarrabawa.